Sakan Bakwai a Bakin Ƙofar Guga

Waya ce ta fara gaya mini akwai matsala. Ba tawa ba, don ni ko waya ba ni da ita. Ta wata mata ce da na tarar a layin injin markaɗe ranar Laraba da hantsi. Tana cikin danne-dannenta ta ɗago ta gan ni, sai ta tura wayar cikin jaka, ta zuge zif, ta cusa jakar a hammata, ta ɗora ɗaya hannun a kai kamar mai ciwon haƙarƙari. Na yi sallama. Aka amsa can ƙasa-ƙasa. A unguwarmu gaisuwa ba ta ƙarewa sai an tambayi Inna da ciwon ƙafarta, da Baba da shago, da gajiyar shekaranjiya. Ran nan kuwa “lafiya” ɗaya aka ba ni, ita ma kamar aro.

Mai injin, wanda kullum in ya hango ni yake cewa ga labarai sun iso kowa ya gyara zama, ya duƙufa kan injinsa kamar bai gan ni ba. Na duba hijabina ko a baibai na sa shi. Daidai yake. Na shafa fuskata ko akwai baƙin tukunya. Sai wata dattijuwa da ta san ni tun ina goye ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko na je bikin gidan mai goro ranar Asabar. Na ce na je mana, ai tire ɗaya muka ci shinkafa da ita. Ta ce to. Ta ƙara cewa to. Wannan “to” na biyun, yau mako uku ke nan, har yanzu yana kunnena.

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za a gane dalilin da mai injin ke kirana labarai ba.

Shekara uku da suka wuce, ina aji biyar a sakandare, lokacin ina tashen azumin Litinin da Alhamis har Baba yana ba masu kawo masa ɗinki labarina, wata ranar Litinin na biyo ta bakin Ƙofar Guga da koren hijabi, riƙe da baƙar leda. Na ga wani mutum tsaye da kyamara a kan ƙafafunta uku, ban kula ba. Na duba dama, na duba hagu, na tura ledar cikin hijabi, na tsallaka titi da sauri. Shi ke nan. Sakan bakwai ne, daga baya aka lissafa mini.

Mutumin ɗan jarida ne na wani gidan talabijin na yankinmu, ba zan faɗi wanne ba. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san muryarsa da hularsa. Tun Inna tana amarya yake kawo rahoto, mu dai Malam mai rahoto muke ce masa. Bayan mako biyu, ina tsintar shinkafa na ji Inna ta saki salati. Ga ni a talabijin, ana maganar tsadar kayan miya. Muka yi murna, maƙwabta har barka suka shigo yi mana.

Daga ranar ban sake sauka ba. In ana maganar karatun ’ya’ya mata, ni ce. Zafin rana, ni ce. Rigakafin sanƙarau, ni ce nake duba dama da hagu kamar sanƙarau ɗin nake nema. Ranar da aka yi rahoto a kan yadda leda ke toshe magudanan ruwa, sau biyu aka nuna ni ina ɓoye tawa. Na gama makaranta, na ƙara tsawo, hijabin ya koɗe ya koma na aiken cikin unguwa, amma ta talabijin tana nan aji biyar, tana tsallaka titi, ba ta taɓa kaiwa ɗaya gefen ba. Baba tela ne, shagonsa a zaurenmu yake, kuma ba mutum ne mai zuwa ofis ya ɗaga murya ba. Abin bai yi masa daɗi ba, amma ya ce tunda ba rawa aka nuna ina yi ba, a ƙyale su.

Ranar Talata, ana gobe zan je markaɗen nan, an ɗauke wuta a layinmu, ba mu ga labarai ba. Masu janareta da masu sola sun gani. An ce akwai wata mata mai shiga gidajen biki. Ta ce wa dangin amarya ita ta gidan ango ce, ta ce wa dangin ango ita ta gidan amarya ce, ta ci abinci ta ƙoshi, ta bi bango ta kwashe wayoyin da aka sa caji, ta fice. Jama’a su sa ido. Ana wannan bayani kuwa, wa ake nunawa tana waige-waige tana cusa leda a hijabi? Kafin gari ya waye wani ya ɗauki fuskar talabijin ɗin da waya ya tura, aka yi ta turawa. A bikin Asabar kuma an rasa wayoyi.

Duk wannan ban sani ba a bakin injin, sai da wata budurwa ta nuna mini. Daga nesa ta nuna, ta riƙe wayar da hannu biyu. Na ga kaina, na ji muryar Malam a kaina, na sunkuya na ga koren hijabin nan a jikina. Can baya wata ta ce, a hankali, “Ita ce.”

Ina ƙarama na taɓa ganin abin da ake yi wa wanda aka kira ɓarawo a kasuwa, ta bayan zanen Inna na leƙa. Ba zan rubuta shi ba. Abin da na koya ran nan shi ne, wanda ya ruga ya amsa laifi. Don haka na ajiye robar markaɗen, na juya, na kama hanya da tafiyar amarya. Lungu biyu ne tsakanin injin da gidanmu, ban taɓa sanin suna da nisa ba. Ina jin takun silifa a bayana, yana ƙaruwa. Na laluba addu’a a kaina, duk haddar da na yi a Islamiyya ta gudu, babu wadda ta zo bakina sai ta cin abinci. Ita na yi ta maimaitawa har gida.

Na wuce Baba a kan keken ɗinki ban gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na iya magana. Na faɗa ɗakin Inna na shige ƙarƙashin gado, tsakanin tsofaffin kwanonin aurenta. Jikina na rawa, kwanonin na amsawa.

Daga nan na ji komai. Ta farko da ta shigo maƙwabciyarmu ce. Ta yi sallama sau biyu. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi ƙafar Inna ko maganin da ta faɗa mata ya yi aiki, ta tambayi mutanen ƙauye, ta yi addu’ar damina. Sai da na fara zaton ita ba ta ji ba, sannan ta gyara murya.

“Dama ba wani abu ba ne, Yaya. In yarinyar ta gama da wayar, ko layin ne ta ba ni. Lambar ɗana na kudu na ciki, ban haddace ba.”

Inna ta ce, “Wace yarinya? Wace waya?”

Kafin a gama yi mata bayani tsakar gida ta cika. Kowace sai ta gaisa tsaf sannan ta faɗi kalar tata. Wata ta zo da caja ta ajiye a kan turmi, ta ce tunda an tafi da doki ga linzamin. Har wadda tata ta faɗa rijiya bara ta zo, wai ko Allah zai sa. Inna tana rantsuwa tana kuka, tana cewa yarinyar da ko waya ba ta da ita. Wata ta ce ai shi ya sa.

Na mata bai tsorata ni kamar na waje ba. A ƙofar gida na ji babura suna tsayawa, da muryoyin samarin da ba na unguwarmu ba, wani yana cewa a fito da ita a gani. Daga baya Inna ta gaya mini Baba ya tsaya a bakin zaure, awo a wuya, almakashi a hannu, bai san yana riƙe da shi ba, sai da ta leƙa ta roƙe shi ya ajiye kafin a ƙara mana wani labarin.

Mai unguwa ne ya cece ni. Dattijo ne da ya yi aikin gwamnati ya gama, ba ya sauri ko a magana. Ya karɓi wayar wani ya kalli hoton, ya nuna wa mutane cewa shagon da ke bayana a ciki an rushe shi tun shekara biyu, don haka hoton tsoho ne. Wasu suka gyaɗa kai. Wani ya ce ashe ta daɗe tana yi. Nan mai unguwa ya shigo ya ce wa Baba gaskiyar da mutum uku suka sani ba ta tare jifa, bakin da ya ɗaura shi zai kwance, mu tashi mu je gidan talabijin.

Aka jawo ni daga ƙarƙashin gado da yana a kaina. Inna ta sa mini baƙin hijabinta mai jan ƙasa ta ɗaura mini niƙabi. Mai unguwa ya dube ni ya ce yanzu kam ko shi ya gan ni a gidan biki sai ya riƙe aljihu, a cire niƙabin. Ya kuma ce ta ƙofar gaba za mu fita, kusa da shi. Muka fita. Ban ɗaga kai ba, ƙafafu kawai na gani, da yawa. Muka shiga tsohuwar motarsa, ya murza, ta ƙi tashi. Ya leƙo ya ce wa samarin nan, ’ya’yana a taimaka. Su ɗin da suka zo ganin ɓarauniya su suka tura mu har titi.

Gidan talabijin ɗin yana wajen GRA, cikin itatuwa. Mai gadi ya leƙa motar, ya dube ni, ya sake dubawa, fuskarsa ta washe kamar ya ga ’yar’uwarsa da ta dawo daga Makka. Kafin mu kai ofis magana ta riga mu. Ma’aikata suka fito daga ɗakuna suna leƙe. Wata mata mai tabarau, ita ce mai haɗa hotuna da murya kafin a watsa, ta kama hannuna biyu ta ce ashe na girma, ashe ina magana. Ta ce shekara uku kullum muna tare, mai kore suke ce mini. Ta tambayi ina hijabin. Wallahi babu mugunta a fuskarta ko kaɗan. A nan na gane cewa a gidan nan babu wanda ya taɓa tunanin ina da gida, da uwa, da layin markaɗe.

Malam mai rahoto ya fi yadda yake a talabijin gajarta. Ya miƙe mana tsaye, ya gaisa da mai unguwa da Baba gaisuwa mai tsawo, ya sa aka kawo ruwa, ya kira ni abokiyar aiki. Ya ce ko shugaban ƙaramar hukuma bai kai ni fitowa ba. Mai unguwa ya faɗi abin da ya kawo mu. Malam ya saurara, ya yi murmushi irin na babba ga yara, ya ce ai wannan hoton ajiya ne, wato tsohon hoto da ake adanawa a riƙa ɗorawa a kan labarin da ba a samu zuwa ɗauka ba, kuma kowa ya san haka. Ya ce ma ana rubutawa a ƙasa. Aka kunna mana. An rubuta kuwa, da ƙananan baƙaƙe, sai dai tallan maganin basir da ke gudu a gindin allo ya bi ta kai ya rufe.

Daga nan ya ɗauko tarihinsa. Ina zaune da kofin ruwa a hannu, shi kuwa yana ba mu labari daga tushe. Ya ce bai fara da makirufo ba, da ɗaukar akwati ya fara. A lokacin kyamara sai mutum biyu, ɗaya ya saɓa ta, ɗaya ya bi shi da akwatin kaset, igiya a tsakaninsu kamar makaho da ɗan jagora. Shekara shida yana bin igiya kafin a bar shi ya buɗe baki. Ya ɗauko rahoton ambaliya ruwa na kai masa ƙugu. Ya halarci buɗe rijiyoyin burtsatse da ba ya iya ƙirgawa, akwai wadda shugabanni uku suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, kuma duk ukun yana wurin. Ya taɓa faɗawa kwata ana tsakiyar ɗauka, ya ƙarasa maganarsa daga ciki, aka watsa haka. Abokan farawarsa sun tafi Abuja, wasu suna ƙasashen waje ana jin su a rediyo. Shi ya tsaya, don dole wani ya tsaya ya faɗa wa mutanen nan ranar da za a kawo taki.

Ban so ba, amma sai da na ji tausayinsa kaɗan. Ya ce motar ofis ta fi shekara a kan duwatsu. Labari ya zo a takarda da la’asar, da magariba a watsa, ina zai samo hoto? Ya nuna mana kwamfuta, an jera ajiyar daki-daki: manoma, asibiti, kasuwa, ruwan sama, mata. A cikin mata daga ni sai wasu masu ɗiban ruwa, su kuma an daina sa su tun da ɗaya ta rasu danginta suka zo suka yi magana.

“Labari babu hoto rediyo ne,” in ji shi. “Ni kuwa ba a rediyo nake aiki ba.”

Mai unguwa ya ce abin da muke roƙo kaɗan ne, a fito yau a ce an yi kuskure. Fuskar Malam ta sauya. Ya ce saura wata huɗu ya ajiye aiki, shekara talatin da uku bai taɓa fitowa ya ce a gafarce mu ba, yara masu tasowa da shi ake yi musu misali. Ya ce labari kwana uku ne, zuwa Asabar an manta. Mai unguwa ya ce dutse ba ya jiran Asabar.

Sai Baba ya dubi Malam ya ce:

“Malam, ni tela ne. In na ɓata wa mutum yadi ba na ce mashi kowa ya san almakashi na zamewa. Kiran shi nake in ce na ɓata. Wannan ɗiyata ce, ba yadi ba ce.”

Malam ya buɗe baki zai amsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ya sa ta a fili kowa na ji, don kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Muryar mace ce, da ƙarfinta.

“Malam, ni ce, wayar maƙwabta na ara. An ce ka kama ta, tana ofishinku. Kar ka bari ta tahi, ga ni nan zuwa. Ka tambaye ta tawa, mai jan baya, ta bikin watan jiya.”

“Hajiya, hoton ajiya ne.”

“Ajiyar mi? Ni da idona na ga tana ɓoyewa, kai kuma da bakinka ka faɗa. Ko kai ma ka fara ƙarya ne da tsufanka?”

Ya kashe wayar. Matarsa ce, wadda ta yi kusan shekara talatin tana wanke masa hular nan tana kallon rahotonsa. Mai tabarau ta duƙufa gyaran wata takarda da ba ta buƙatar gyara. Malam ya cire hula ya ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin kansa ba, ina jin babu wanda ya taɓa gani a garin nan. Sanƙo ne tas. Ya daɗe yana kallon hular.

Sannan ya jawo aljihun tebur ya fito da takardar da ’yan sanda suka aiko, wadda daga cikinta ya rubuta labarin. Ya karanta mana layin ƙarshe: matar da ake nema mai jiki ce, ta haura hamsin, tana da haƙorin Makka. Ya ce ya yanke layin ne don lokaci ya ƙure. Duk suka juyo suka dube ni. Ni da iska mai ƙarfi take tura ni. Ban san lokacin da na buɗe baki na nuna musu haƙorana ba.

Ya ce zai gyara, yau ɗin nan. Ya mayar da hula, ya dawo ɗan jarida, ya ce a kawo kyamara a ɗauke ni ina bayani. Nan kukan da na riƙe tun hantsi ya ƙwace.

“Malam, don girman Allah kar ka sake ɗaukata. In ka ɗauke ni yanzu, shekara goma zan yi ina kuka a labarai.”

Na ga mai tabarau ta saci kallon kwamfuta. Na rantse tunanin da take yi shi ne ba su da mai kuka a ajiya.

Malam ya ce to a sa tsohon, a ce wannan ba ita ba ce. Baba ya ce a’a. Malam ya ce to wane hoto za a ɗora a kan labarin? Mai unguwa ya ce, a hankali kamar kullum, ai ga fuska nan a gabanmu wadda gari ya sani ya kuma yarda da ita. Malam ya waiga bayansa. Babu kowa sai bango.

Kafin mu fita na roƙi abu ɗaya, aka ba ni. Mai tabarau ta buɗe ajiyar mata, ta nuna mini inda zan danna. Na danna, sakan bakwai ɗin suka tafi. Ta ce Allah ya jiƙan rai. Malam ya ce shekara uku na yi musu aiki ban taɓa makara ba, ban taɓa neman hutu ba.

Bayan La’asar muka dawo da Malam da mai tabarau a motar mai unguwa, kyamara a kan cinyar Baba. Ya kafa ta a bakin Ƙofar Guga, daidai inda ya kafa ta wancan karon, ya sa mai tabarau ta riƙe, ya tsaya a gaba. Kafin ya gama gyara hula mutane sun taru. Ni ina cikin mota, na ɗaga gilashi duk da zafi. Ya yi bayani, ya karanta kamannin matar. Ya ce hoton tsoho ne, shi ya ɗauka, shi ya ɗora. Jama’a suna saurare, amma ba su watse ba. Sai mai jaka a hammata, har yanzu jakar na hammatar, ta ɗaga murya ta ce sun ji, amma in ba waya ba ce, mi ta ɓoye a cikin ledar?

Kowa ya juyo wajen motar. Baba ya sa na sauke gilashi, ya sunkuyo ta taga ya ce in faɗa, komene ne. Shekara uku ina addu’ar kada a yi mini wannan tambaya. Tsohuwar da ke suyar awara a gindin ƙofar ce ta amsa, ko juyowa daga kaskonta ba ta yi ba.

“Awara ce. Ni na ƙulla mata. Duk Litinin da Alhamis take zuwa, da yaji da yawa, ta ci a bayan masallacin can ta goge baki.”

Wani da Baba ya taɓa ba shi labarin azumina shi ya fara dariya. Sai ta kama ko’ina. Masu babura suna dukan tanki, maƙwabciyarmu mai neman layi ta zauna a ƙasa, har Malam sai da ya juya baya. Baba bai yi ba. Ya miƙe daga tagar, ya gyara awon da har lokacin yake wuyansa, ya tsaya yana kallon ƙofar gari kamar yau ya fara ganinta. Ni dai ban yarda da dariyar ba. Na ga yadda fuskokin nan suke da hantsi, fuskokin ne dai.

Har yau ban koma injin ba. In na ji takun silifa a bayana sai na tsaya na bari a wuce. Koren hijabin Inna ta yayyanka shi, da shi ake sauke tukunya. Robar markaɗen kuwa da na ajiye ran nan, da tumatir da attaruhu da komai, ba a sake ganinta ba, kuma babu wanda aka nuna a talabijin.

Ran nan da magariba aka kawo wuta. Na zauna a bayan Inna na leƙa ta kafaɗarta. Labari na farko shi ne. Fuskarsa ta cika allo, ga ƙofar a bayansa. Ya ce yarinya mai koren hijabi da aka nuna jiya ba ita ake nema ba, ba ta taɓa ɗaukar kayan kowa ba, ’yar mutunci ce. Sannan ya ce kuskure nasa ne, a gafarce shi. Maganar awara ya yanke ta, Allah ya saka masa. Labari na biyu tsadar tumatir ne. Aka nuna Ƙofar Guga babu kowa, sai wata akuya da ta duba dama, ta duba hagu, ta tsallaka.

Ana shirin kiran Isha’i mai unguwa ya yi sallama a zaure. Ina laɓe a bayan ƙofa na ji yana gaya wa Baba ya yi magana da babban ɗan sandan yankin, sun ce ba su taɓa nemana ba, kuma ya zaga unguwa, ko’ina maganar Malam ake da akuya. Ya ce a gaya wa yarinya ta kwantar da hankalinta. Na ruga na koma bayan Inna kamar ban motsa ba. Baba ya shigo, ya gaya wa Inna, ina zaune, ta juyo ta gaya mini. Sannan shi da kansa ya dube ni, karo na farko tun bakin Ƙofar Guga.

“An ce babu komai. Kin tsira.”

Na ce to, Baba. Ya juya zai tafi masallaci, ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

“Gobe Alhamis. Ki sawo mani awarar, in ji abin da ya fi lada daɗi.”